Yadda za ki mai da zanen lalle sana'a a Maradi

Da farko, daina yi wa kowa kyauta. Ƴan gida kaɗai ya isa; ƙawaye su biya, ko da kuɗin kaya ne.

Na biyu, sayi kayanki a babbar kasuwa: jan lalle, baƙi, salatif, leda da auduga. Baƙin nan sai da hattara, don wata fatar ba ta ɗaukar sa, yana sa ƙaiƙayi har da ƙuraje. Ɗiga kaɗan a hannun mai zuwa tun kwana biyu kafin aiki, musamman amarya.

Na uku, yanke farashi. Hannu daban, ƙafa daban, ƙunshin amarya daban. Lissafa kuɗin kabu-kabu in gida za ki bi mai son lallen. Mai cewa “haba ƴar uwa, rage mini” ba ta ƙarewa, kada kunya ta cinye miki riba.

Sai hoto. Ɗauki hannun da rana, bayan lallen ya kama, ki sa a WhatsApp, amma da izinin mai hannun.

Jajibirin Sallah kuwa layi ake yi har dare. Karɓi rabin kuɗi tun da wuri, ki rubuta suna da lokaci. Daga kowace jika da kika samu ware kuɗin sayen kaya, sauran ki zuba adashi.