Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Binciken Kansar Gado ga Masu Kansar Mahaifa

Kimanin kashi 3 cikin 100 na matan da kansa ta kama shimfiɗar cikin mahaifarsu suna ɗauke da larurar Lynch, wato lahanin da aka gada a ɗaya daga cikin ƙwayoyin halitta huɗu masu gyara kuskuren DNA: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Ga da yawa daga cikinsu, kansar mahaifa ce take fara bayyana, shekaru kafin ta babban hanji ta biyo baya, don haka wannan ne lokacin da ya fi dacewa a gano su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da shekarun mace da tarihin danginta kaɗai. Ƙa'idojin Amsterdam na 1991 da na Bethesda na 1997, waɗanda ke zaɓar wanda za a gwada bisa shekaru da tarihin dangi, sun yi amfani a zamaninsu, amma mutane da dama suna kuɓuce musu. Mace ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Wataƙila kakarta ta rasu da "ciwon ciki" ba tare da an auna ta ba, kuma sau da yawa likita kan tambayi dangin uwa ya manta da na uba, alhali lahanin yana zuwa ta kowane ɓangare. Bugu da ƙari, masu lahanin MSH6 sukan kamu bayan sun haura shekara 50. Gyaran shi ne a gwada ƙarin da aka cire daga kowace majinyaciya, komai shekarunta, kamar yadda NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara a 2020.

Na biyu, kuma a ganina shi ya fi rikitar da ma'aikata, shi ne ɗaukar sakamakon gwajin ƙari a matsayin hukuncin ƙarshe. Idan aka rina naman a ɗakin gwaji aka ga furotin MLH1 ya ɓace, galibi ba gado ba ne, wani sauyin sinadari ne ya dakatar da aikin ƙwayar halittar a cikin ƙarin kaɗai. Sai an yi gwajin wannan sauyi na metileshan, idan ba a same shi ba sannan a ɗebi jini ko yawu don tabbatar da gadon. Gwajin ƙwayar halittar BRAF da ake amfani da shi don bambance gado da wanda ba gado ba a kansar hanji ba ya raba gardama a nan.

Wasu kuma suna ganin da an cire mahaifa magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin matar da aka tabbatar tana da Lynch tana bukatar a riƙa duba hanjinta da na'ura mai kyamara duk shekara ɗaya ko biyu, a kuma tattauna da ita batun shan asfirin don rage haɗarin kansar hanji.

Sai batun dangi, inda aiki ya fi lalacewa. Kowane ɗa ko 'ya, da kowane ɗan'uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita, yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na ɗauke da lahanin, kuma maza ba su tsira ba. Cewa majinyaciya "ki gaya wa 'yan'uwanki" da fatar baki bai isa ba, musamman tana cikin fargabar jinya. Abin da ya kamata shi ne a ba ta takarda mai ɗauke da sunan ƙwayar halittar da ainihin sauyin da aka gano, wadda 'yan'uwan za su kai wa likitocinsu, sannan a sake tambayarta a zuwa na gaba ko takardar ta isa hannunsu.