Yadda za ki fitar da yara makaranta a kan lokaci

Iyaye mata sun yi ta tambayata yadda nake fitar da yara uku kafin bakwai da rabi, musamman yanzu da sanyi ya kankama. Ga yadda nake yi.

1. Bayan sallar isha'i, ki buɗe jakar kowa ki duba aikin gida.

2. Ki goge kayan makaranta tun da dare. Wutar lantarki ba ta da tabbas da safe.

3. Ki cusa safa cikin takalmin kowa, ki jera su a bakin ƙofa. Neman safa guda ya sha makarar da mu.

4. Ki kwantar da su kafin ƙarfe tara.

5. Da kin idar da asuba, ki ɗora ruwan wanka.

6. Ki tashe su da shafa baya da kiran suna. Wanda aka tasa da tsawa, da kuka yake fara ranar.

7. Ki sirka ruwan. Hattara a nan: na sanyi ake fara zubawa a bokiti, sannan na zafi, ki gwada da gwiwar hannu. Kada ki ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa ki juya baya, ƙaramin yana biye da ke.

8. Ki shafa musu man kaɗanya, har leɓe da diddige.

9. Su karya kafin su sa kayan makaranta. Koko da man ƙosai ba sa ragar wa farar riga.

10. Ki cika gorar ruwan kowa.

11. A bakin ƙofa ku karanta addu'ar fita gida tare.