Yadda ake haɗa magudanar injin wanki bayan an sauya masa wuri

Kafin ka ɗaga injin, zare shi daga wuta, ka rufe famfon da ke ba shi ruwa. Idan mai ƙofa a gaba ne, akwai ɗan murfi a ƙasa, bayansa matata ce. Tara kwano ka kwance ta a hankali, ragowar ruwa zai fito. In tafiyar da nisa, mayar da notunan da injin ya zo da su, waɗanda ke riƙe gangar ciki kada ta motsa a hanya, amma ka cire su da ya sauka, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle yana barin wurinsa.

A sabon wurin, kafa bututun PVC mai faɗin inci 2 a tsaye jikin bango, bakinsa ya kai santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa. Ya gaza haka, ruwa zai riƙa zurarewa tun injin yana cika. Ya wuce sosai, famfon cikin injin da ke turo ruwa waje ne zai sha wahala. A gindin bututun sa lanƙwasar nan mai siffar U, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta ya tare warin sokawe da kyankyasai. Daga nan bututun da ya kwanta ya riƙa gangarawa kamar santimita 2 a kowace mita.

Sai maganar iska, wadda ita aka fi yi wa ganganci. Ka lura da jarka idan aka kifa ta, ruwan sai ya riƙa fita da kwal-kwal saboda iska ba ta samun shiga. Injin wanki yana turo ruwa da ƙarfi lokaci guda, in bututun bai samu iska ba sai ya zuƙe ruwan cikin lanƙwasar, wari ya cika ɗaki. Maganinsa a ta da bututun iska jim kaɗan bayan lanƙwasar, ya haura saman rufi. Inda fasa rufi ba zai yiwu ba, akwai bawul mai shigar da iska ba ya fitarwa. A ɗora shi aƙalla santimita 10 sama da bututun da ya kwanta, a wurin da hannu zai kai.

Zura tiyon injin cikin bututun tsaye, kada ya wuce santimita 15, ka ɗaure shi don kada ya fizge. Wasu kan naɗe bakin da leda ko robar taya wai don tsafta. Kuskure ne, ratar nan ma hanyar iska ce.

Daidaita ƙafafun injin, ka kunna shi babu kaya, ka tsaya a kansa lokacin da yake zubar da ruwa. In kumfa ta taso ta bakin bututun, ko ka ji gurnani a magudanar banɗaki, to akwai toshewa ko iska ba ta isa ba, sai a kira mai gyaran famfo.