Abin da za ka duba idan sawunkad na waje yana ɓata sautin kiɗa

Kafin ka taɓa wani saiti, ka saurari irin ɓacin da kyau, domin kowane iri da inda yake tasowa. Cire lasifiku ka jona hedifon a jikin sawunkad ɗin, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta tana kuma fitar da shi. Idan sauti ya fita tas, kwamfuta ba ta da laifi, sai ka koma kan wayoyi da lasifiku.

Wanda aka fi fama da shi shi ne ƙas-ƙas ɗin nan kamar ana suyar ƙosai, wani lokaci kiɗan yana ɗaukewa yana dawowa. Kwamfuta ce ba ta iya miƙa wa sawunkad sauti a kan kari. Buɗe saitin direban, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar, ka nemi Buffer Size (bafa), adadin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta miƙa. Idan yana kan 64 ko 128, ɗaga shi zuwa 512, in bai daina ba ka kai 1024. Babban adadi yana kawo jinkiri: a kan 48 kHz, 256 yana ba da wajen milisakan 5, 1024 kuwa wajen 21. Jinkirin zai dami mawaƙi a lokacin ɗaukar murya, amma wajen sauraro ko haɗa kiɗa babu wanda zai ji shi. A cikin manhajar haɗa kiɗa kamar FL Studio ko Cubase ka zaɓi direban ASIO na kamfanin da ya ƙera na'urar, misali na Focusrite ga mai Scarlett. ASIO4ALL na wanda na'urarsa ba ta da direban kanta ne.

Idan bafa ya kai 1024 kuma ƙas-ƙas bai tafi ba, duba USB. Jona na'urar a jikin kwamfuta kai tsaye, kada ta bi ta ƙaramin akwatin da ke raba ramin USB gida huɗu, domin yawancin sawunkad daga nan suke shan wuta. Gwada wani rami da wata waya gajeriya. Sannan a Power Options na Windows ka zaɓi High performance, ka kashe USB selective suspend. Kashe Wi-Fi da Bluetooth ka sake kunna kiɗan. Direbobinsu sun saba riƙe kwamfuta na ɗan lokaci. Manhajar LatencyMon, in ka bar ta tana aiki minti goma, za ta nuna direban da ke jawo tsaikon.

Muryar da ta koma kamar ta mutum-mutumi, ko waƙa ta yi sauri ko nauyi, alamar saɓani ce a Sample Rate, wato yawan ɓangarorin sauti da ake sarrafawa a kowane sakan. Windows na kan 48000 Hz, sawunkad ko aikinka na kan 44100. Shiga Sound, Playback, Properties, Advanced, ka daidaita Default Format da abin da ke cikin direban. A nan kuma ka kashe Audio enhancements. Mai Mac zai yi wannan a Audio MIDI Setup.

Idan sautin yana fashewa ne kawai wurin da ganga ta buga da ƙarfi, ƙara ce ta wuce 0 dB. Mitar masta, wato ma'aunin ƙarar kiɗan gaba ɗaya a manhajarka, za ta yi ja. Sauke ta har kololuwar ta tsaya wajen -6, ka ƙaro da maɓallin lasifika.

Gunji mara yankewa kuwa, ko da kiɗa a kashe, maganar wutar lantarki ce, kuma ya fi yawa a situdiyon da ke aiki da janareta ko inbata. Zare cajar laptof. In gunjin ya ɗauke, ka mayar da kwamfuta da lasifiku kan soket guda, ka sauya wayoyin lasifika zuwa XLR ko jak ɗin TRS mai zobe biyu baƙaƙe a kansa. Mai zobe ɗaya yana kwasar hayaniya. Kada ka karya ƙafar at ta fulogi, wato ta uku mai kai wuta ƙasa, don kashe gunjin, wuta na iya kama mutum ta jikin makirufo.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa, ka saurara, sannan na gaba. In duk sun gaza, gwada sawunkad ɗin a wata kwamfutar. Idan can ma haka yake yi, na'urar ce ke buƙatar mai gyara.