Yadda za ka kwatanta yawan malaman kwasa-kwasan difloma tsakanin ƙasashe

Ɗalibanmu na Agege da Idi-Araba masu rubuta furojet a kan ilimi, ku lura da kyau, wannan aikin yana da tarko. Da farko ka san me kake ƙirgawa. UNESCO ta kasa karatu mataki-mataki a tsarin ISCED na 2011, mataki na 5 shi ne gajeren karatun gaba da sakandare, shekara 2 ko 3, irin difloma ta ND da ake yi a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba a Legas, ko BTS a Faransa.

Ka shiga shafin cibiyar ƙididdiga ta UNESCO wato UIS, ka zaɓi malaman mataki na 5 kaɗai, kuma duk ƙasashen su zama shekara ɗaya, kar ka haɗa alƙaluman 2015 da na 2022.

To ga inda aikin yake fa. Malami ɗaya a foliteknik yana koyar da ND da safe, da yamma yana ajin HND, wato babbar difloma, to a wane mataki aka sa shi? Shi ya sa wasu ƙasashen ba sa raba malaman mataki-mataki ma, sai ka ga gurbin babu komai, wannan ba sifili ba ne don Allah kar ka rubuta sifili. Sannan ka duba ko kawuna aka ƙirga ko an mayar da masu aikin 'yan sa'o'i (part-time) zuwa lissafin cikakken lokaci, bambancin ba ƙarami ba ne.

Yawan malamai zalla ba ya nuna komai tunda Indiya ba Ghana ba ce. Ka raba yawan ɗaliban matakin da yawan malamansa, wannan adadin za ka jera.