Yadda ake rataya zobban motsa jiki a gida ba tare da sun tsinko da kai ba

Tun da samari suka fara kallon masu atisaye da zobba a TikTok da YouTube, ba a daɗewa wani bai zo mini da nasa a leda ba, yana tambayar inda zai rataya. Su dai zobban, na katako ne ko na roba, masu kaurin milimita 28 ko 32, duk za su ɗauke ka. Ni na katako nake so, don ba sa santsi idan hannu ya yi gumi. Inda ake faɗuwa shi ne wurin ratayar, kuma a nan Jos na ga an rataya su a inda ko jakar makaranta ba zan saƙala ba.

Ka fara da cire waɗannan daga ranka: silin ɗin POP ko na roba, ƙugiyar fanka, da bangon bulo. Ƙugiyar fanka don fanka aka sa ta, kuma ba ka san yadda aka lanƙwasa ta a cikin dekin ba. Bulonmu kuwa cikinsa rami ne, ƙusa ba ta da abin kamawa sai ɓawon yashi da siminti. Idan nauyinka kilo 70 ne, lokacin da ka yi lilo ko ka saki jiki farat ɗaya, abin da ke sauka a kan ƙarfen yakan ninka haka sau biyu ko fiye.

Abin da ya rage maka shi ne dekin na kankare, ko bim, wato gungumen kankaren da ke kwance a ƙarƙashinsa yana tallafe shi. Bim ya fi. Wanda gidansa na kwano ne kada ya dogara da katakon rufi, yawanci 2x4 ne da ƙusa ta riƙe, wani ma gara ta gama da cikinsa. Gara ya je wurin mai walda a haɗa masa turaku biyu na fayif mai kauri da sanda a sama, a binne gindinsu cikin kankare a tsakar gida. Kuɗinsa ya fi, amma ɗan haya ma wannan zai yi, ko kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya huda masa dekin. Reshen bishiya na wucin gadi ne, kuma ka bar bishiyar turare da ta cika garin nan, tana yada reshe ba sanarwa.

Yanzu sai huda, kuma a nan ne ni kaina na sha ƙasa. Na sayi ƙusar kankare mai buɗewa, wadda 'yan kasuwa ke ce wa rol-bol, na ari injin huda, na yi rami, na ɗaure noti har ya yi tauri. Kwana uku ina hawa lafiya. Ranar na huɗu ƙusar hannun dama ta zaro gaba ɗaya, na sauko da gadon baya a kan tayil, na yi mako biyu ina sallah a zaune. Da na duba ramin sai na ga laifina guda uku ne.

Na ɗaya, zurfin. Na auna tsawon ƙusar daga fuskar silin, na manta da filasta. Filasta ba kankare ba ce, ba ta riƙe komai. Ka ɓamɓare ta a wurin har ka ga kankaren da tsakuwarsa, daga nan ne awonka zai fara. Ka naɗa salatif a jikin bakin injin daidai zurfin da kake so don kada ka wuce, domin dekin gida yawanci inci 6 ne kacal.

Na biyu, faɗin. Bakin injin da na ara ya cinye kuma yana rawa, ramin ya fi ƙusar faɗi. Kowace ƙusa da bakin da ya dace da ita, an rubuta a kwalinta. Rol-bol mai lamba M10, wadda ita nake sawa, ramin milimita 16 take so. Sayi sabon baki, kada ka yi rowar wannan, kuma ka riƙe injin a miƙe.

Na uku, wanda kusan kowa ke rainawa, ƙura. Garin da ke cikin ramin yana hana ƙusar cizon kankare, sai ta yi kamar ta kama alhali a kan gari take zaune. Ka sa tsohon buroshin haƙori ka goge ciki, ka hura da famfon keke, ka sake gogewa, ka sake hurawa, har ƙura ta daina fitowa. Ka kare idonka.

Tun daga ranar ban sake yarda da ƙusa ɗaya ba. Mai walda ya yanka mini farantin ƙarfe mai kauri guda biyu, kowanne da huda huɗu da zoben ƙarfe a tsakiya wanda aka yi wa walda zagaye. Tazarar da ke tsakaninsu santimita 50 ce, ita ce ta gasar duniya, kuma ta yi daidai da kafaɗa. Kada ka huda dab da bakin bim, kankaren zai fashe. Kashe wutar gidan daga babban makunni in kana da janareto ko injin huda mai batir da za ka yi hudar da shi, kuma ka guji layin da ya tashi daga fanka ko ƙwan wuta zuwa makunni, nan fayif ɗin waya yake bi. In ka ci karo da rodi, kada ka yanke shi, matsa gefe. In kuwa bakin injin ya zurma fanko bayan ɗan huda kaɗan, dekin mai rami ne, ka tsaya ka kira injiniya.

Kada jikinka ya zama abin gwaji. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti kilo 50. Ka rataya wa kowane faranti abin da ya fi nauyinka, ka bar shi ya kwana, da safe ka duba ko akwai tsaga ko gari a ƙasa, ka sake gwada notin da sifana.

Igiyar da ke zuwa da zobban kuma, danna makullin da ke jikinta ka zura bakinta daga baya, ka fizga da ƙarfi. In ta sulale, ka zura ta a juye ne. Ka daidaita tsawon biyun, ka naɗe jelar da ta rage. Makon farko zobban su tsaya daidai ƙugu, da katifa a ƙasa, kana jan ƙirjinka zuwa gare su ƙafa na taɓa ƙasa. In a waje suke ka riƙa shigar da su ɗaki, ruwan damina na ruɓar da katako, rana na cin igiya. In akwai yara a gidan, ɗage su sama bayan ka gama, don za su iya sa wuya a ciki.