Yadda ɗalibi zai tunkari tarihin ɓallewar Teksas daga Meziko

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da aka ba shi aikin rubutu kan ɓallewar Teksas, ya fara da taswira kafin ya buɗe littafi. Ya shiga Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru, ko ya duba intanet, ya nemo taswirar nahiyar Amurka ta Arewa ta shekarun 1820, ya ɗora yatsa a kan Kogin Sabine, inda iyakar Amurka ta tsaya a wancan gefen. Yamma da kogin, inda Teksas take, ƙasar Meziko ce, wadda ta karɓi 'yancinta daga Sifaniya a 1821: fili mai faɗi, jama'a kaɗan, ga nisa daga fadar gwamnati, ga kuma 'yan ƙabilar Comanche da ke cin karensu babu babbaka a wani babban sashe nasa.

Daga nan sai ya bi sawun baƙin, kuma a nan ya kamata ya daɗe. Meziko ce da kanta ta amince wa wani Ba'amurke, Stephen Austin, ya shigo da iyalai 300 daga Amurka, bisa sharaɗin su zama 'yan ƙasa masu bin ɗarikar Katolika. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwararo daga jihohin kudancin Amurka suka fito, sun zo noman auduga, kuma sun taho da bayinsu baƙar fata. Duk wanda ya taɓa ganin tsinkar auduga a ƙauyukan Zazzau ya san yawan hannun da take ci, don haka zai gane abin da ya sa hankalin manoman ya tashi a 1829, lokacin da Shugaba Vicente Guerrero ya haramta bauta, duk da cewa daga baya an ɗaga wa Teksas ƙafa. A watan Afrilun 1830 kuma doka ta hana sababbin baƙi shigowa daga Amurka. Sai dai adalci ya wajabta ɗalibi ya ambaci ɗaya dalilin: shugaban Meziko, Santa Anna, ya rusa tsarin tarayya na 1824 ya tattara iko a tsakiya, abin da ya sa jihar Zacatecas ma ta yi bore a 1835. A ganina, takardar da ta ɗauki dalili ɗaya ta yar da ɗayan ba ta cika ba.

Yaƙin kansa bai wuce wata bakwai ba, kada ya cinye takardar. An fara harbi a Gonzales ranar 2 ga Oktoba 1835, aka shelanta 'yanci ranar 2 ga Maris 1836, Alamo, sansanin mayaƙan Teksas, ta faɗi ranar 6 ga watan bayan kwana 13 na ƙawanya, sojojin Meziko suka kashe fursunonin yaƙi fiye da 300 a Goliad, sannan Sam Houston, kwamandan mayaƙan Teksas, ya murƙushe rundunar Santa Anna a San Jacinto ranar 21 ga Afrilu.

Abin da bai kamata ya tsallake ba shi ne tsarin mulkin sabuwar jamhuriyar na 1836. Ya karanta shi da idonsa: ya halatta bauta, ya hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da yardar majalisa. Ya kuma bibiyi Juan Seguín, haifaffen San Antonio mai magana da Sifaniyanci, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Teksas amma barazanar baƙin ta sa ya tsere zuwa Meziko a 1842.

Kada ya rufe takardar a San Jacinto, domin Meziko ba ta amince da yarjejeniyar da Santa Anna ya sa wa hannu yana tsare ba. Ya kai labarin Disambar 1845, da Amurka ta haɗe Teksas, da yaƙin da ya biyo baya har yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda ta tsayar da iyaka a Kogin Rio Grande.